Darussa Uku a Cikin Ƙwayar Gyaɗa

Duk shekara, da zarar lokacin cike takardun neman shiga jami'a ya gabato, sai ka ga 'yan ajin ƙarshe sun rabu gida-gida. 'Yan kimiyya suna gefe guda suna yi wa 'yan kasuwanci kallon masu gudun wahala, su kuma 'yan kasuwanci suna cewa ai mai feɗe kwaɗo a ɗakin gwaje-gwaje bai san inda kuɗi suke kwana ba. Ita ma hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta raba hanyar tun daga bakin ƙofa. Mai son ilmin halittu zai rubuta Turanci da bayoloji da kemistiri, ya ƙara da fiziks ko lissafi. Mai son ilmin tafiyar da kasuwanci kuwa Turanci zai rubuta da lissafi da ilmin tattalin arziki, da wani darasi guda daga cikin na zaman jama'a. In an shiga jami'ar ma, tsangayar wannan dabam, ta wancan dabam, har a yi shekara huɗu a gama ba su taɓa zama a kan benci ɗaya ba, in ka ɗebe darussan da ake tara kowa da kowa.

To, 'yan'uwana ɗalibai, abin da nake so in nuna muku a nan shi ne wannan rabuwa a kan takarda kawai take. Zan ɗauki darussa uku da ake koyarwa a digirin farko, watau ilmin halittu, da ilmin zaman halittu a muhallinsu wanda ake kira ikoloji, da ilmin kasuwanci, in gwada su a kan abu guda wanda kowannenmu ya sani tun yana goye, watau gyaɗa. Na zaɓe ta ne domin babu wani amfanin gona da ya ɗaga ƙasar Hausa sama, ya kuma sake ta ta faɗo, kamar ita.

Bari mu fara da shukar kanta. A shekarar farko ta jami'a, ɗalibin ilmin halittu zai sha fama da sunayen Latin, domin kowace halitta tana da suna biyu wanda masana na duniya duka suka yarda da shi. Sunan gyaɗa Arachis hypogaea, kuma kalmar ta biyun ma'anarta "ta ƙarƙashin ƙasa". Asalinta daga Kudancin Amurka ne, Turawan Fotugal suka kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma a wajen ƙarni na 16, ta yi ta tafiya hannu da hannu har ta iso mu. Danginta su ne wake da gujiya da waken suya. Abin mamaki game da ita shi ne a sama take fure, amma a ƙasa take 'ya'ya. Furen nan rawaya da kuke gani da sassafe shi yake yi wa kansa barbara, sa'an nan ya yi yaushi, sai wani ɗan tsinke ya tsiro daga gindinsa, ya sunkuya, ya huda ƙasa ya shiga. A bakin wannan tsinke ne, cikin duhu, ƙwanson gyaɗa yake kumbura. Daga nan kaɗai kun ga dalilin da ya sa gyaɗa take son jigawa mai rairayi, ba ta son laka mai tauri: in tsinken bai sami shiga ba, babu gyaɗa, kome kyaun ganyen. Har ila yau ƙwanson yana tsotsar sinadarin kalsiyam ne kai tsaye daga ƙasar da ke kewaye da shi. Inda ƙasar ta rasa shi, sai manomi ya tuge ya ga ƙwanso cike da gindi, ya fasa ya tarar da wofi.

In kuka tuge gyaɗa ɗanya kuka wanke saiwar, za ku ga waɗansu 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar gero sun manne mata. Ba cuta ba ce. A cikinsu akwai waɗansu ƙananan halittu, bakteriya, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, amma tsiro ba ya iya cinta haka nan. Su waɗannan bakteriya su ne suke kama ta su juya ta ta zama abincin shuka, ita kuma gyaɗa ta biya su da sukarin da ganyenta ya haɗa da hasken rana. In ka yanka ƙullin da reza ka ga cikinsa ja-ja, to, ana aiki ke nan. Kakanninmu ba su taɓa leƙa madubi ba, amma sun lura cewa gero ya fi kyau a gonar da aka cire gyaɗa bara, shi ya sa suke juya shuka, suke kuma haɗa ta da hatsi a gona ɗaya. Aikin ɗalibin jami'a shi ne ya san dalilin, ya kuma iya auna shi da sikeli.

Ita ƙwayar kanta, kusan rabin nauyinta mai ne, kusan rubu'i kuma sinadarin gina jiki. Wannan man shi ya kai ta Turai, kuma a nan ne ɗan kasuwa ya shigo cikin labarin.

A farkon ƙarni na 20 masana a Turai suka gano yadda za a daskarar da man tsirrai ya yi tauri kamar man shanu. Nan da nan masana'antun majarin da na sabulu suka buɗe baki suna neman mai ko daga ina. A daidai wannan lokaci ne hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912. Turawan mulkin mallaka auduga suke fata, domin masaƙun Ingila ita suke buƙata, har sun yi shiri sosai dominta. Amma manoman Kano suka yi nasu lissafin. Auduga tana cin aiki, tana gajiyar da ƙasa, in yunwa ta zo kuma ba a cinta. Gyaɗa kuwa tana zama lafiya da gero, harawarta abincin dabbobi ce, in farashi ya faɗi a ci ta a gida, ga kuma kuɗin biyan haraji. Sai suka juya ga gyaɗa, har ta cika tashar jirgi ta rasa wurin ajiya. Fataken goro, waɗanda suka riga suka san ƙauyuka, suka san ba da bashi da karɓa, su ne suka zama masu saye wa kamfanonin Turawa. Mafi shahara a cikinsu shi ne Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955. Wani masanin tattalin arziki, Jan Hogendorn, ya rubuta littafi sukutum a kan wannan al'amari, aka buga shi a 1978. In malamin tattalin arziki ya tsaya a gaban allo yana bayanin yadda mutum yake auna abin da zai samu da abin da zai rasa kafin ya zaɓi sana'a, to, abin da manomin Kano ya yi ke nan a 1912 ba tare da alli ba. Ku lura kuma, rabin hujjojinsa na ilmin halittu ne.

Kowa ya ga hoton dalar gyaɗa. An ce dala guda takan ci buhu wajen 15,000, kuma har yau muna kallonta a matsayin alamar arzikin Arewa. Haka ne, arziki ne. Amma ɗalibin kasuwanci da aka koya wa darasin sufuri da ajiyar kaya zai kalle ta da wani ido. Me ya sa aka tara buhunan a fili? Domin daga Kano zuwa tashar jiragen ruwa ta Ikko tafiyar kimanin mil 700 ce a kan layin dogo guda ɗaya, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu kawunan jirgi da taragai sun yi ƙaranci, ba su iya kwashe gyaɗar shekara kafin ta wata shekarar ta iso. Kayan da suke zaune kuɗi ne da aka ɗaure, ba su haihuwa, ga ladan masu gadi da kuɗin tamfol. Sa'an nan ɗalibin ilmin halittu zai ƙara da cewa buhun da ya daɗe a ajiye gidan ƙwari ne, kuma lalle a ƙarshen shekarun 1940 wani ɗan ƙwaro mai cin kayan ajiya, Trogoderma, ya yi ɓarna a dalolin Kano har sai da aka kawo masana su yi bincike. Ni a ganina tsawon dala yana nuna ƙwazon manomi ne da kuma gazawar jirgi, duka biyun a lokaci guda.

A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, a 1954 kuma aikin ya koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Ita kaɗai ke da ikon fitar da gyaɗa waje, ita ke yanka farashi kafin kaka. An ce an yi haka ne don a kare manomi daga hawa da saukar kasuwar duniya, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai a yawancin shekaru abin da ake biyan manomi bai kai na kasuwar duniya ba, rarar kuma gwamnati ta yi ayyuka da ita. Makarantu da hanyoyi da yawa da gumin mai gyaɗa aka yi su, wannan ba abin musu ba ne. Amma manomin da ba ya samun rara ba ya iya sayen taki, ba ya iya ajiye kome don baƙar shekara. Baƙar shekarar kuwa tana tafe.

Kafin mu je gare ta, bari mu ɗan tsaya a kan kalmar ikoloji. Wani Bajamushe, Ernst Haeckel, shi ya ƙirƙiro ta a 1866 daga kalmar Girkanci oikos, watau gida. Abin sha'awa, sunan da Turawa suke kiran ilmin tattalin arziki da shi ma daga wannan kalma ya fito. Ɗaya yana nazarin yadda mazauna gidan suke zaune da juna, wa ke cin wa, wa ke taimakon wa. Ɗayan yana nazarin yadda ake tafiyar da cefanen gidan. A yawancin jami'o'inmu ba a ware wa ikoloji digiri nasa, a cikin sashen ilmin halittu ake koyar da shi, galibi daga shekara ta biyu. Darasi ne na fita daji. Za a ba ka wani firam mai faɗin mita ɗaya tsawon mita ɗaya, ka jefa shi a fili ba tare da zaɓe ba, ka durƙusa ka ƙirga duk abin da ya faɗo a ciki, ka sake jefawa, har sau hamsin ko fiye, rana tana dukanka. Wanda ya zaɓi bayoloji don gudun lissafi, a nan ne ido zai raina fata, domin duk abin da aka ƙirga sai an bi shi da ilmin ƙididdiga.

Yanzu ga abin da ya faru. Daga 1972 zuwa 1974 aka yi babban fari a duk yankin Sahel. Gyaɗa ta ragu ƙwarai, iri ya yi wuya, manoma da yawa suka cinye wanda suka ajiye. Ana murna ruwa ya dawo, sai a 1975 cutar nan da manoma suke kira kuturtar gyaɗa ta ɓarke. Gyaɗar da ta kamu takan tsuke wuri ɗaya, ganyen ya ƙanƙance ya yi rawaya ko ya yi kore shar ya murɗe, in kuma tun tana ƙarama ta kamu, ko ƙwanso ɗaya ba za a samu ba. Masana sun ƙiyasta cewa a wannan shekara kaɗai cutar ta halaka gonaki wajen hekta 700,000 a Arewacin Nijeriya, hasarar da ta kai kimanin dalar Amurka miliyan 250.

Ɗalibin ilmin halittu zai gaya maka cewa bairos ne ke kawo ta, abin da ya fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba. A gaskiya ma abubuwa uku ne suke haɗa kai: bairos iri biyu da wani ɗan guntun ƙwayar gado da ke raɓe da ɗayansu. Ba ta bin iri, ba ta bin ƙasa. To, yaya take tsallakawa daga gona zuwa gona? A nan sai mai ikoloji. Akwai wani ɗan baƙin ƙwaro mai tsotsar ruwan tsiro, irin ƙwarin darɓa, sunansa Aphis craccivora, wanda bai wuce girman ƙwayar riɗi ba. In ya tsotsi mai cuta ya tashi ya sauka a kan mai lafiya, ya kai mata ke nan. A ƙasashe masu zafi irin namu macen ba ta jiran namiji, ba ta ma yin ƙwai, 'ya'ya take haifa kai tsaye, kuma cikin kamar mako guda 'yar ita ma ta fara haihuwa. In wuri ya cika sai a fara haifar masu fiffike, iska ta kwashe su zuwa wata gona.

Ga ɗan lissafi irin wanda za a ba ku a aji. A ɗauka, don misali kawai, yawan ƙwarin yana ninkawa sau biyu duk kwana uku. A kwana 30 an yi ninki goma ke nan. Ku ninka biyu sau goma da kanku, za ku sami 1,024. Watau ƙwaro ɗaya ya zama fiye da dubu cikin wata guda, in babu abin da ya tare shi. Abin da ke tare shi kuwa shi ne ruwan sama mai ƙarfi da ke wanke shi daga ganye, da waɗansu ƙwari da ke cinsa, irin 'yar buzuzun nan ja mai ɗigo-ɗigon baƙi. Mai feshin da bai san wannan ba yakan kashe mai gadin tare da ɓarawon. Wannan lissafi na ninki, ku riƙe shi da kyau, shi ne dai ɗalibin kasuwanci zai haɗu da shi da wani suna ranar da aka zo darasin yadda bashi mai ruwa yake hauhawa.

Bincike ya nuna abubuwa biyu da suke ba wannan ƙwaro dama. Na farko shukar baya, domin ƙwarin suna isowa gyaɗa tana jaririya. Na biyu shuka mai tazara, domin masu fiffiken sun fi sauka a inda suke hango ƙasa tsakanin tsirrai. Gonar da ganye ya rufe ta ruf ba ta cika jan su ba. Gyauron da ya tsira da rani a wuri mai laima kuma yana iya zama mafakar cutar har damina ta zagayo. To, ku tambayi kanku, wane manomi ne yake shuka a makare, ya kuma yi tazara? Shi ne wanda ba shi da iri isasshe, wanda sai ya ci bashi ko ya yi ƙwadago a gonar wani kafin ya waiwayi tasa. Bayan fari na shekara uku, manoma irin wannan ba su ƙirguwa. Ashe aljihun manomi yana cikin abubuwan da suke yanke wa ƙwaro hukuncin inda zai sauka.

Ana cikin haka kuma kuɗin man fetur ya yi tashin gwauron zabo daga 1973. Samari suka bar gona suka nufi birni aikin gini, gwamnati ta daina dogara da kuɗin amfanin gona, darajar Naira ta sa kayanmu suka yi tsada a waje. Kafin shekarun 1970 su ƙare dala ta ɓace a Kano, Nijeriya ta fita daga sahun manyan masu sayar da gyaɗa a kasuwar duniya, a 1986 kuma aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona gaba ɗaya. In ka tambayi mutum uku abin da ya kashe dalar gyaɗa, ɗaya zai ce cuta, ɗaya ya ce fari, ɗaya ya ce fetur. Kowannensu ya faɗi gaskiya, amma wanda ya rubuta ɗaya kaɗai a jarrabawa, ni dai ba zan ba shi fiye da sulusin maki ba.

Kada ku ɗauka gyaɗar ta mutu. Har yanzu Nijeriya tana cikin manyan ƙasashen da suka fi noma ta a duniya, sai dai mu muke cinye abinmu, a mai da ƙuli-ƙuli da tunkuza da kunu da yajin tsire. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda ta faro tun 1922 ta kuma shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta haɗa kai da cibiyar ICRISAT sun fito da ire-iren gyaɗa masu jure wa kuturta, waɗanda ake kira SAMNUT, kowanne da lambarsa. Wannan aikin masu ilmin gado ne na halittu. Amma irin da ke kwance a ɗakin ajiya na Samaru bai amfani manomin Gumel ko na Ɗambatta da kome ba, sai an sami wanda zai riɓanya shi, ya zuba a ƙananan leda daidai ƙarfin talaka, ya kai kasuwar ƙauye kafin ruwan shuka, ya kuma ci riba don ya dawo baɗi.

Akwai kuma wata ƙofa da ke rufe mana, wadda mai biro da littafin lissafi kaɗai ba zai iya buɗe ta ba. A 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. Da aka bincika sai aka gano wata funfuna, Aspergillus flavus, tana fid da dafi da aka sa wa suna afulatoksin, wanda yake lalata hanta, har yakan kawo ciwon daji. Funfunar tana zaune a cikin ƙasa, ta fi samun shiga gyaɗa in fari ya kama ta a ƙarshen damina, ko ƙwanso ya fashe wajen tugewa, ko an zuba a buhu ba ta gama bushewa ba. Suya ba ta kashe dafin. Ƙasashen Tarayyar Turai ba su karɓar gyaɗar ci in dafin ya wuce kashi 4 cikin biliyan, abin da ba a gane shi da ido ko da harshe, sai a ɗakin gwaje-gwaje. Maganin da cibiyar IITA ta Ibadan ta fito da shi, mai suna Aflasafe, tsantsar ikoloji ne: ana watsa wa gona irin wannan funfuna amma wadda ba ta da dafi, ta riga mai dafin kama wuri. Ku tuna kuma, ƙwayar da aka tsince aka ce ba ta isa a sayar wa Bature ba, sau da yawa ita ce take komawa cikin ƙuli-ƙulin da ƙannenmu suke ci.

To, me ɗalibi zai yi da duk wannan? Ba ina cewa ku yi digiri uku ba ne, ba mai iyawa. Amma tsarin jami'a ya bar 'yan ƙofofi. Yanzu kowane ɗalibi, ko me yake karantawa, sai ya yi darasin koyon kafa sana'a kafin ya fita, kuma da yawa suna ɗaukarsa abin a haddace a manta. Ɗan bayoloji ya zauna a cikinsa da gaske, ya koyi raba kuɗin da ba ya canzawa, kamar hayar rumfa da sayen injin matsar mai, da kuɗin da ke bin yawan aiki, kamar gyaɗa da man inji da galan. Ga misali na ƙirƙira: in haya da gyaran inji suna cin Naira 60,000 a wata, kuma kowane galan yana barin Naira 1,500 bayan an cire abin da aka kashe a kansa, to, sai an sayar da galan 40 kafin a fara maganar riba. Na arba'in da ɗaya shi ne naka na farko. Shi kuma ɗan kasuwanci, in lokacin zaɓen darasi daga wani sashe ya zo, ya leƙa tsangayar kimiyya ko ta aikin gona, ko da sau ɗaya. A shekarar ƙarshe kowa zai rubuta kundin bincikensa, kuma babu dokar da ta hana mai karanta kasuwanci ya bi buhun gyaɗa daga gona har kasuwar Dawanau yana rubuta inda nauyi yake raguwa da inda farashi yake ƙaruwa, ko mai karanta ilmin halittu ya sayo ƙuli-ƙuli daga kasuwa biyar ya auna funfunar da ke ciki.

Ku da kuke aji huɗu da aji biyar ba sai kun jira jami'a ba. In damina ta faɗi, ku roƙi malamin aikin gona ya yanka muku kunya shida a gonar makaranta. Uku ku shuka gyaɗa da ruwan farko, kusa da kusa. Uku kuma ku jinkirta mako uku, ku yi tazara. Kowace Asabar ku duba ƙarƙashin sababbin ganye ku ƙirga tsirran da ke da ƙwari, ku rubuta da kwanan wata. Da kaka ku shanya, ku auna da ƙwanso, ku ɓare ku sake aunawa. Gyaɗa mai kyau takan ba da tsaba wajen kashi 70 cikin ɗari na nauyinta. Sa'an nan ku aiki mutum biyu kasuwa ran da take ci, su tambayo kuɗin tiya, su tambayo na ƙunshin harawa, a zo a buga lissafin kowace kunya a kan allo.